Gumin Fitilar Mota: A Toshe Ta Ruf, ko a Bar Ta Ta Sha Iska?

Da zarar damina ta kankama, musamman daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, sai a fara jin wani ƙorafi a garejin bakanikai wanda ba a jin sa da rani. Mota lafiyarta ƙalau, inji na tashi bugu ɗaya, birki na ci, amma fitilar gaba ta yi gumi daga ciki. Wata ɗan hazo ne fari a kusurwar gilashi. Wata ɗigo-ɗigo ne har suna gangarowa suna barin sawu. Wata kuma in ka jijjiga motar sai ka ga ruwa na rawa a gindinta. Mai mota ya sa tsumma ya goge ta waje, ya ga abin na nan daram, sai ya kama hanyar gareji.

A can zai tarar da ra'ayi biyu da suka daɗe suna karo da juna. Wani bakaniken zai leƙa ya ce, "Alhaji, buɗewa ta yi. A ciro ta a busar, a bi ta da gam ko'ina, kada a bar ko kafar allura." Maƙwabcinsa da ke jin su daga ƙarƙashin wata motar zai ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka yarda. In ka toshe ta, ruwan da ke ciki ta ina zai fita? Kawo in huda mata ƙasa kawai." Kowannensu na da motocin da zai nuna maka ya ce ga shaidarsa, kowannensu kuma na da waɗanda suka dawo bayan mako biyu, waɗanda ba zai ambata ba. Ni ina ganin masu cewa a bar fitila ta sha iska sun fi kusa da gaskiya, sai dai ba ta hanyar da suke bi ba. Masu gam ɗin kuwa hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Hujjarsu ta farko ita ce wadda hankali ke fara kamawa: ruwa da lantarki ba sa ga-maciji. Madubin da ke bayan ƙwan fitila, wanda shi ke tattara haske ya jefa shi kan titi, a motocin yanzu roba ce aka yi mata shafen alminiyam siriri ƙwarai, wanda ko yatsa ka goga a kai sai ya kankare. In danshi ya daɗe a kansa sai ya dushe, ya yi tabo, daga baya ya soma ɓarewa, kuma wannan ba gyaran gareji ba ne. Soket ɗin ƙwan yakan yi tsatsa ya yi kore, wuta ta riƙa ɗaukewa tana dawowa. Ƙwan halojin in ya ɗau zafi, ɗigon ruwa ɗaya na iya fasa shi. Masu fitilar zenon, irin wadda BMW ta fara sa wa mota a 1991, su suka fi jin jiki, domin ɗan akwatin da ke tayar da ƙwan, wanda ake kira balas, yana harba wutar da ta haura bolt 20,000 a lokacin kunnawa, kuma a motoci da yawa a gindin fitilar aka ɗaura shi, daidai inda ruwa ke kwanciya. Tun da aka saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin 2023, duk wanda ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman fitila ya san yadda kayan mota suka koma. In bakanike ya ce a kashe ɗan kuɗin gam a tsare kayan maƙudan kuɗi, ba shirme ya faɗa ba.

Suna kuma da tarihi a bayansu. Tsofaffin direbobi na tuna fitilar nan mai zagaye ta tsofaffin Land Rover da manyan motoci, wadda ake kira silbim. Gilashin gaba da madubin baya an narka su an haɗe wuri guda, an zuƙe iskar ciki an ɗura mata gas ɗin da ba ya cin wuta. Fitilar gaba ɗayanta ita ce ƙwan; in ta mutu a jefar a sa sabuwa. A Amurka doka ce ma ta wajabta irinta daga 1940, mai faɗin inci 7, kuma tsarin ya yi sama da shekara 40 yana aiki. Silbim ba ta gumi sai in ta fashe. Mai toshewa zai ce, to ga shi nan, fitilar da ba ta shan iska ita ce ba ta taɓa ba mu matsala ba, don me za a ce mana toshewa laifi ne?

Hujja ta uku ta ƙasarmu ce, kuma ita na fi ba wa nauyi. Wanda ya zana fitilar a Jamus ko Japan, ruwan sama da dusar ƙanƙara ne a ransa. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu muke sha, wadda iska ke kwaso mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, mai laushin da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Damina wata huɗu ce zuwa biyar a Kano, a Damagaram ma ba ta kai haka ba. Gumi yakan zo ya tafi. Ƙura kuwa in ta shiga ta kwanta a kan madubi, ta zauna ke nan, don hannu ba ya kai wa wurin, in ma ya kai, gogewar ce za ta kashe madubin. Don me mutum zai buɗe ƙofa ga abokin gaban da in ya shiga ba ya fita, saboda gudun baƙon da ke zuwa ya tafi?

To amma silbim ɗin da ake kafa hujja da ita ta riga ta wuce, kuma fitilar yau ba jikarta ba ce. Yawancin ƙasashen Turai dama ba su bi wancan tsari ba. Sun fito da ƙwan halojin na H1 a 1962, H4 ya biyo baya a 1971, duka ana zare su ta baya a canza. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 irin wannan fitila ce da ita. Amurka ma ta sassauta dokarta a 1983, Lincoln Mark VII ta 1984 ta zama ta farko a can da ta fito da fitilar da ake canza wa ƙwai. Daga nan gilashi ya ba wa roba mai tauri wuri, wadda ake kira folikabonet, fitila ta zama babban akwati mai ɗauke da iska irin wadda muke shaƙa, da murfin baya, da wayoyi masu ratsa jiki, da sukurorin daidaita haske. Akwatin da aka yi shi don a riƙa buɗewa, ba a mayar da shi silbim da kwalin gam.

Ga abin da gam ba ya yi wa magani. Iska in ta ji zafi tana neman faɗaɗa. A ce da asuba iskar cikin fitila na kan digiri 20 a ma'aunin Selshiyas, sai aka kunna ƙwan halojin mai wat 55, ga zafin inji ta baya, ga rana ta gaba, har ta kai digiri 80. In babu mafita, matsin da ke ciki zai ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ka ji kamar ba wani abu ba ne, amma a kan gilashi mai tsawon santimita 30 da faɗin 20, wannan daidai yake da turin nauyin kilo 120 daga ciki. Ba tarwatsewa fitilar za ta yi ba, don roba na da sassauci, kuma iska za ta lalubo inda ya fi rauni a layin gam ta ɓula ta fice. Ɓarnar tana wajen dawowa. Ka ajiye mota, hadari ya taso, ruwa ya kece, fitila ta huce farat ɗaya, iskar ciki ta tsuke, sai fitilar ta zuƙo daga waje ta wannan 'yar kafar da aka ɓula. Abin da ke kwance a bakin kafar a wannan lokaci ruwan sama ne. Haka za ta riƙa fitar da iska tana shan ruwa kullum, kuma tun da an toshe sauran ƙofofin, abin da ta sha ba ya fita.

Ko da an dace gam ɗin ya kama ruf, ba a tsira ba. Iska na ɗaukar tururin ruwa gwargwadon zafinta. Lita 1,000 na iska a digiri 30 za su iya riƙe kusan giram 30 na ruwa, a digiri 20 giram 17 kawai, a digiri 10 ko giram 10 ba su kai ba. In iska mai ɗumi da ta ƙoshi da danshi ta taɓa wuri mai sanyi, sai ta sauke rarar a kansa, kamar yadda ake gani a cikin murfin tukunya. A fitila, wurin da ya fi saurin yin sanyi shi ne gilashin gaba, musamman kusurwoyin da zafin ƙwai ba ya kai musu. Bakaniken da ya rufe fitila ruf da safiyar da aka kwana ana ruwa a Agusta, iskar Agusta ya kulle a ciki. Bugu da ƙari, robar jikin fitilar ita kanta tana tsotsar danshi kaɗan-kaɗan, ta sake shi in ta ji zafi. Shi ya sa ake ganin fitilar da aka busar tas aka toshe, bayan kwana biyu ta sake gumi, mai mota ya ce an ci kuɗinsa, bakanike ya rantse babu inda ya bari. Dukkansu gaskiya suka faɗa.

Masu ƙera motoci sun san wannan, shi ya sa suke yi wa fitila hanci. Ka haska bayanta da tocila za ka ga wani ɗan bututun roba a lanƙwashe yana kallon ƙasa, ko 'yar hula mai soso a ciki, ko wani ɗan faci da aka manna a kan rami. Galibi ba ɗaya ba ne, ana sa wani a sama wani a ƙasa don iska mai zafi ta fita ta sama, sabuwa ta shigo ta ƙasa. Facin nan a motoci da dama ɗan uwan ƙyallen Gore-Tex ne, wanda Bob Gore ya gano sinadarinsa a 1969, mai ƙananan kafofin da iska da tururi ke ratsawa amma ɗigon ruwa ba ya iya wucewa. Wannan ita ce amsar hujjar ƙura: hancin da kamfani ya yi yana da matata da lanƙwasa, ba rami ba ne sake. Abin takaici, shi ne abu na farko da mai gam ke liƙewa, don a idonsa nan ce ɓarakar. Wani lokaci ma ba sai mutum ya sa hannu ba. Taɓon hanya yakan toshe shi, gizo-gizo ya yi saƙa a ciki, ko zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin bututun in mota ta daɗe a ajiye. Fitiloli da yawa da aka ce sun lalace, tsinke da ɗan hura iska kawai suke bukata.

Kada masu huda su yi saurin murna. Sun fahimci cewa ruwa na son mafita, amma ramin da aka yi da na'urar huda ba shi da matata, ba shi da lanƙwasa, kuma ɓarɓashin robar da aka huda yakan zube ciki ya manne a madubi. In a ƙasa aka yi shi, duk kududdufin da ka faɗa da gudu zai watsa masa ruwa, ranar da titi ya cika kuwa, kamar yadda ake gani a unguwannin Kano da dama in an yi ruwa mai ƙarfi, ta nan fitilar za ta sha ta ƙoshi. Da hunturu ya kama sai ƙura ta karɓi aiki. A nan masu gam sun ci gari: fitilar da aka huda takan daina gumi, amma bayan rani ɗaya ko biyu sai haskenta ya koma ja-ja, mai ita ya yi ta canza ƙwai yana zargin masu sayarwa. Garin gyaran gira an rasa ido. Babban laifin hudawa ma shi ne ba ta tambayar ta ina ruwan ya shigo. Ɓarakar na nan, an ƙara mata ƙanwa.

Akwai wani ɗan lissafi da nake ganin da ɓangarorin biyu za su zauna su yi shi, da rabin gardamar ta mutu. A ce cikin fitila lita 10 ne, iskar ciki ta ƙoshi da danshi a digiri 30, sannan ta huce zuwa 20. Ruwan da za ta sauke bai wuce giram 0.13 ba, wato ɗigo biyu zuwa uku. In aka baza su siriri a kan gilashi sun isa su sa shi ya yi fari, mai mota hankalinsa ya tashi. Amma cikin ƙaramin cokalin shayi giram 5 ne, kusan ninki 40 na wancan. Ashe ke nan iskar da ke cikin fitila ba ta da ruwan da za ta tara kududdufi a dare ɗaya. In ka ga ruwa na kwance, ko manyan ɗigo na gangarowa, to ko dai daga waje yake shiga, ko kuma hancin ya toshe an daɗe ana tarawa. Hazon da ke zuwa da safe ya watse da hantsi wani abu ne daban, ruwan da ke kwance wani abu ne daban, amma a gareji suna ɗaya ake kiransu da shi, magani ɗaya ake ba su.

Kamfanin Ford ya rubuta wannan bambanci a littafin da yake bai wa masu motocinsa. A wurinsa, hazo siriri da bai rufe rabin gilashi ba, babu sawun gangarowa babu manyan ɗigo, ba lalacewa ba ce, kuma yana iya ɗaukar har awa 48 kafin ya watse ko da a busasshen yanayi. Ruwa kwance ko manyan ɗigo masu barin sawu su ne na kai wa gyara. Sauran kamfanoni ma maganarsu ba ta yi nisa da wannan ba. Ga hazon farko, mai gam da mai huda duk sun yi kuskure, domin babu abin gyarawa. Ga na biyu, mai gam ne ke da gaskiya, da sharaɗin ya nemo ɓarakar ya liƙe ta ita kaɗai.

Ɓarakar kuwa wurarenta sanannu ne. Kaso mai tsoka na motocin Kwatano da na tashar Legas daga gwanjon motocin da suka yi haɗari a Amurka aka sayo su, aka gyara musu fuska aka fesa fenti. Bugun da ya lanƙwasa bamba yakan tsaga jikin fitila ta baya, ko ya karya kunnen da ake ɗaure ta da shi tsagar ta bi ciki, gaba kuwa tana sheƙi kamar sabuwa. Sai layin da gilashi ya haɗu da jiki, wanda rana ke busar da gam ɗinsa ta sama, daidai inda ruwan bonet ke zuba. Sai zoben robar da ke kewaye da ƙwai. Sai wanda ya fi kowanne yawa kuma ya fi arha, wato murfin baya. Yaron mai wayarin ya canza ƙwai da daddare, murfin ya ƙi zama, ya tura shi a karkace ko ya jefa shi cikin but, shi ke nan. Masu wankin mota su ma suna da nasu kason. Mota ta shigo da zafinta, a kafa mata bakin tiyo mai ƙarfi a gefen fitila da cikin inji, ga sanyi farat ɗaya ga ruwa mai turi, ko fitila mai lafiya sai ta yi gumi a ranar.

Ƙwan LED ya ƙara dagula lamarin ta fuska biyu. Halojin yawancin wutar da yake ci zafi take komawa, kuma zafin gaba yake bi tare da haske ya gasa gilashi, don haka a ɗan lokaci sai ka ga hazo na janyewa daga tsakiya. LED, wanda Lexus LS 600h ta shigo da shi fitilar gaba a 2007, Audi R8 kuma ta mayar da fitilar gaba ɗaya irinsa a 2008, zafinsa a gindi yake taruwa, gilashin gaba ya zauna da sanyinsa. Mai sabuwar mota sai ya ga fitilarsa ta fi ta maƙwabcinsa mai tsohuwar Golf daɗewa da hazo, ya ɗauka an sayar masa da jabu, alhali halinta ne. Fuska ta biyu ita ce ƙwan LED na kasuwa da ake cusa wa fitilar halojin. Yana zuwa da 'yar fanka ko ƙarfen sanyaya a baya, murfi ba ya rufuwa a kansa, sai a yanke murfin ko a yar. An buɗe wa ruwa ƙofa, an kuma kashe wutar da ke busar da shi. Birtaniya tun 2021 take kayar da irin waɗannan motoci a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, ko da yake ita dalilinta kashe ido ne, abin da duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya da dare ya san zafinsa.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan bi. In hazo ne siriri, a kunna fitila a yi tafiya, ko a juya fuskar mota ga rana, a ba ta kwana biyu. In ya ƙi tafiya, a duba murfin baya da zoben ƙwai, a share hancin. In ruwa ne kwance, a ciro fitilar gaba ɗaya, a zare ƙwai ba tare da taɓa gilashinsa da yatsa ba, a tsiyaye, a busar da ita a rana ko da na'urar busar da gashi a kan ƙaramin zafi daga nesa, don folikabonet na lanƙwashewa. Sannan a nemi ɓarakar: a shafa ruwan sabulu a layin haɗi, a toshe hancin da yatsa na ɗan lokaci, a hura iska a hankali ta ramin ƙwai, inda kumfa ya tashi nan ne. Irin gam ɗin ma abin dubawa ne. Fitiloli da yawa da baƙin gam na butil aka haɗa su, wanda ke laushi in ya ji zafi, ana iya ɗumama shi a sake matsewa ko a ƙara sabo. Silikon ɗin liƙa gilashin taga, mai warin tsami ɗin nan, yana fitar da tururin asid lokacin da yake bushewa, wanda ke cin soket ya kuma bar dusashe a ciki, ga shi in an shafa shi, mai gyara na gaba ya shiga uku. In aikin buɗe fitila zai jira, ya jira rani, lokacin da danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, amma a yi shi cikin ɗaki a rufe saboda ƙura.

'Yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin takalmi ko na magani suna taimakawa, har wasu kamfanoni na manna irinsu a cikin murfin baya. Silika na iya shan ruwa har kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinta. Sai dai fitila mai hanci kullum sabuwar iska take shaƙa, don haka ƙunshin zai ƙoshi ya daina aiki, kuma in ba a ɗaure shi nesa da ƙwai ba yana iya narkewa. Na kwashe ragowar danshi ne bayan gyara.

Zan yarda wa mai huda a wuri ɗaya. Tsohuwar motar haya ce, fitilar ta riga ta tsage ta wurare uku, madubin ya soma tafiya, direba ba shi da kuɗin wata, kuma yau da dare zai kama hanyar Maiduguri. A nan ɗan rami a can ƙasa ta baya, da aka sa masa guntun tiyo mai kallon ƙasa da ɗan soso a baki, ya fi barin ruwa na wasa da soket. Amma a kira shi da sunansa, lallaɓawa ce kafin a samu kuɗi. Wanda ba zan yarda masa ba shi ne mai cewa a ƙyale kowane irin gumi, wai ai yana bushewa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ɗigon ruwa a gilashi yana warwatsa haske, ya rage nisan da kake gani, ya kuma watsa shi idon mai tahowa. A hanyar da za ka iya cin karo da tirela ta lalace babu alama sai ganye, ko garken shanu na tsallakawa, mita 28 ba abin wasa ba ne.

Akwai kuma waɗanda ke biyan kuɗin maganin gumi alhali ba gumi ke damunsu ba. Folikabonet na da wani shafe a waje da ke kare shi daga rana, in ya ƙone sai gilashin ya yi rawaya ya dushe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta samu suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi. Ranarmu kuwa ba ta Amurka ba ce. Gane shi ba wuya: ka shafa hannu, in ka ji kaushi a waje, aikin gogewa da sabon shafe ne, ba ruwan gam ba ruwan huda.

Mai sayen mota da rani shi ya fi kowa bukatar ido, domin a watan Maris duk fitila a bushe take, mai lafiya da mai tsaga. Ya haska tocila ta gefe ya duba ƙasan gilashi daga ciki. Ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar farin layi a inda ya tsaya, ɗigo kuma kan bar tabo. Ya ɗaga bonet ya ga ko murfin baya na nan a mazauninsa, ya shafa layin haɗi ya ji ko an bi shi da silikon, ya lalubi gindi ko akwai ramin da ba kamfani ya yi ba. In fitila ɗaya ta fi 'yar uwarta sheƙi, ya tambayi dillali abin da ya sami wancan gefen. In kuma dillalin ya amince, a kai motar wurin wanki da zafinta kafin a biya kuɗi, a dawo a duba ta washegari da sassafe.